Masta Buraima da Fitilun Gwaggo

Duk wanda ya taɓa kwana a layinmu na Zongon Kumasi ya san Masta Buraima. In bai san fuskarsa ba, to ya san tarin motarsa. Tsohuwar tasi ce, kafaɗunta huɗu rawaya kamar na kowace tasi a garin nan, sauran jikin kuwa wani launi ne da ko mai fentin ya manta sunansa. Gwaggo muke ce mata, don ba ta tashi da asuba sai ta yi tari, ta yi kaki, ta yi mita, sannan ta yarda a tafi. Masta ya tsani sunan nan, har ranar da bakinsa ya suɓuce ya ce wa mutane, "Ku matsa, Gwaggo za ta fita." Daga nan shari'a ta ƙare.

Shi ɗan Zongo ne gaba da baya. Ubansa Moshi ne da ya sauko daga arewa yana dakon goro, uwarsa mai tuwon sayarwa. Ya yi makarantar allo har zuwa inda malam ya gaji, sai aka miƙa shi ga wani direban babbar mota mai kai goro garin Bawku, can arewa. A can ya koyi duk abin da ya sani: ɗaure kaya, sa katako a bayan taya in mota ta mutu a kan tudu, kwana a ƙarƙashin mota, da zagi da yaren Twi wanda har Asantawa kan tsaya su saurara. Da ya samu lasin ya ja motocin mutane shekara da shekaru, har Allah ya ba shi Gwaggo, lokacin tana da sauran ƙuruciya. Da ita ya ciyar da gida, da ita ya canza wa matarsa Mamuna kwanon ɗaki, da ita ya aurar da 'yarsa Hikima.

Abin alfaharinsa ɗaya ne, kuma kowa a layi ya haddace shi: "Tun da na kama sitiyari, ko kaza ban taɓa takawa ba." Akwai dai wata kaza a unguwar Aboabo, amma da yake ba ta da dangi a unguwarmu, ba a sa ta a lissafi. Abin tsoronsa ma ɗaya ne. A ƙofar masallacinmu akwai dogon benci inda tsofaffin da suka ajiye aiki ke zama daga hantsi zuwa la'asar, suna korar ƙuda suna gyara wa gwamnati kuskurenta. Masta ko kallon bencin nan ba ya yi. In ya fito daga salla, ta ɗaya ƙofar yake bi. Yakan ce wa Mamuna, "Muddin makulli na jikina, tambayata ake yi ina za ni. Ranar da na ajiye shi, sai a koma tambayata ya jiki." Shi ya sa makullin Gwaggo yake ɗaure da doguwar igiya a ƙugun wandonsa, har banɗaki tare suke shiga.

Aikinsa na dindindin shi ne matan asuba. Ana sallame salla zai tarar da su a bakin layi da kwandunansu da manyan kwanoninsu, ya kai su kasuwar Kejetia kafin hanya ta toshe. Kujerar gaba ta Hajiya Kadijatu ce mai busasshen kifi, kuma ba gadonta ta yi ba, ƙwace ta yi. Ita Dagomba ce, shi Moshi, tsakaninsu kuwa akwai wasa tun na kakanni: Dagomba na ce wa Moshi jikokinsu. Don haka duk da Masta ya girme ta nesa ba kusa ba, "jikana" take kiransa, kuma duk abin da ya zo bakinta za ta faɗa masa, ba mai cewa ta yi rashin kunya.

"Jikana, yau ma ba ka wanke fuska ba? Makahon direba, kai mu da sauri, kifi na jirana."

"Shiga ki rufe mini ƙofa, Kaka. A hankali! Ƙofar nan ta girmi 'ya'yanki."

Tun idonsa na hango allura a ƙasa take ce masa makaho. Ba wanda ya taɓa ɗaukar abin da nauyi, har ita kanta.

Abin ya fara a hankali. Wata rana da magariba ya wuce kwanar layinmu, ya dawo da baya yana cewa tunani ne ya ɗauke shi. Wata rana madubin gefe ya kwashe tiren mai sayar da kenke, tuwon masarar nan na cikin ganye. Mutane suka riƙa faɗo masa ta gefen hanya kamar daga ƙasa suka tsiro, fitilun titi kuma suka yi zobe-zobe a kewayensu. Ran nan yana alwala, ya rufe ido ɗaya da tafin hannu don ya gwada. Abin da ya gani da ɗayan, kamar mai leƙen duniya ta cikin bututu. Ya yi maza ya sauke hannun, ya ƙarasa wanke ƙafa, bai sake gwadawa ba. Da ya fito ya tsaya gaban Gwaggo ya daɗe yana dubanta, sannan ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Fitilar motar nan ta mutu."

Allah ya sa yana da mai gyara a gida. Shakiru mijin Hikima mai aikin wutar mota ne a Magazin, unguwar makanikai ta Suame, kuma a can shi ma masta ne mai rumfarsa. In ka ji shi yana yi wa mai kawo kaya tsawa, sai ka ce shi ya gina Suame da hannunsa. Amma da zarar ya hango kafaɗar Gwaggo ta shigo layin rumfarsa, sai muryar ta narke. Ya cire takalmi, ya durƙusa a kan baƙin mai, ido a ƙasa. Suruki ne, kuma irin na da. Ba ya kallon Masta a ido, ba ya cin abinci a gabansa, kuma tun ranar ɗaurin aure kalmar "a'a" ba ta taɓa fita daga bakinsa zuwa kunnen surukinsa ba.

"Shakiru, duba mini fitilar nan. Ta mutu."

"To, Baba."

Ya kunna, ya zagaya, ya gwada waya, ya gwada batir. Fitila lafiyarta lau.

"Baba, ƙwan yana da rai. Sai dai..."

"Sai dai me?"

Shakiru ya shafa gilashin. "Sai dai gilashin ya ɗan yi hazo."

Ya goge gilashin da takarda mai laushi da man goge baki har ya yi sheƙi, ya sa sabon ƙwai don kada tafiyar ta zama ta banza. Masta ya koma gida yana fito. Kwana biyu ya sake dawowa. Aka cire ƙwai mai ruwan ɗorawa aka sa fari. Bayan salla ya dawo, aka sa mai shuɗi-shuɗi wanda sai an haɗa masa ɗan akwati a bayansa. Daga nan sai irin na zamani mai 'yar fanka a gindi, wanda in aka kunna shi za ka iya ƙirga tururuwa a bangon maƙwabci. Gwaggo ta koma kamar tsohuwar da ta dawo daga Makka da haƙoran zinari: jiki duk ya saki, amma in ta buɗe baki sai ka kare fuska. Zakarun layinmu suka rikice. Masta na kunna mota suke fara cara, ladan bai ma sauko ba.

To ga inda gizo ya yi saƙarsa. A kan titi direbobi na da yarensu. In ka haske wa mutum ido, zai ƙifta maka fitila sau ɗaya, wato don Allah rage. In ba ka rage ba, sai ya sakar maka duk wutar da Allah ya ba shi. Ita kuwa Gwaggo, ƙaramar wutarta ta fi babbar wutar mutane. Duk wanda ya taho sai ya zaci Masta taurin kai yake yi, ya ƙifta, ya ga ba a rage ba, ya danna masa babbar wuta a fuska, ya wuce yana ihun "Kwasia!", wato wawa, ta taga. Ido irin na Masta kuma ba abin da ya tsana kamar haske a fuska. In aka haske shi, sai ya yi tafiya mai nisa bai ga komai ba sai fari. Washegari ya nufi Magazin.

"Shakiru, sun fi ni wuta. Duk garin nan sun fi ni wuta. Ƙara mini."

"To, Baba."

Ana ƙara masa, ana ƙara rama masa. Fitila na ƙara haske, hanya na ƙara duhu.

Hajiya Kadijatu ce ta fara zame masa ido, amma a cikin rigar zagi. "Jikana, ga mai kura nan a damanka, ko so kake ka aure shi? Rami! Ramin da ka gaisa da shi jiya yana nan bai tafi ba." Masta ya rama zagin, ya kuma bi abin da ta ce daidai. Matan baya da aka sani da surutu tun daga Zongo har Kejetia suka koma jan carbi. Ɗaya ta ce mijin 'yarta ya sayi keke mai ƙafa uku, zai riƙa kai ta. Ɗaya ta ce likita ya ce ta riƙa tafiya a ƙasa saboda gwiwa. Masta ya yi musu fatan alheri, bai tambayi komai ba.

Duk layi an sani. Masu benci sun sani, mai kenke ta sani, hatta awaki sun koyi hawa dakali in suka ji tarin Gwaggo. Amma wa zai tsaya gaban dattijo ya ce masa idonka ya tafi? Mamuna ta kira Shakiru bayan gida.

"Kai ne mai fitila. Ka ce masa ba fitila ba ce."

"Ni, Inna? Surukina? Wallahi gara a ce in haɗiye batir."

Ta juya ga Hikima. Hikima ta fashe da kuka ta ce ita ba za ta iya kallon Baba ta faɗi haka ba, ai ke ce matarsa. Mamuna ta ce matarsa ce shi ya sa, in ta faɗa zai ce ta gaji da shi tana so ta zaunar da shi a benci. Maganar ta zagaya gidan ta dawo inda ta tashi, ba wanda ya ɗauka.

Sai Mamuna ta yi dabara. Ita mai koko da ƙosai ce a ƙofar gida, ta ce hayaƙin murhu ya ɓata mata ido.

"Malam, ka kai ni asibitin ido."

Hikima ta riga ta shirya da wata nas da ta sani: in suka shigo tare, a ce doka ce a duba miji da mata. Masta ya kai ta har ƙofa, ya nemi inuwar bishiya ya faka.

"Shiga, ina nan."

"Haba Malam, ka raka ni mana. Ban san kan wurin ba."

"In bar Gwaggo ita kaɗai a sace mini fitilu? Shiga, ki tambayi masu fararen kaya."

Ta yi juyin duniya, ya ƙi sauka. Ta shiga, ta fito da tabarau, ita da ke zura zare a allura da magariba. Ya dube ta ya yi dariya ya ce, "Tsufa ya zo, Mamuna, sai haƙuri." Ta juya fuska ga taga. Shi kuma ya tayar da mota. Ya gane dabarar tun daga gida. Ya kuma san abin da za a gaya masa a cikin ginin nan, ya san cewa in aka faɗa sau ɗaya da baki, ba sauran ƙwan fitilar da zai ɗora wa laifi.

Mutum ɗaya ce a duniya take da izinin faɗa masa, kuma ta faɗa. Wata safiya a Kejetia, bayan sauran mata sun sauka, Hajiya Kadijatu ta ƙi buɗe ƙofa.

"Buraima."

Ya juyo. Tun da suke ba ta taɓa kiran sunansa ba.

"Idonka ne. Ba fitila ba ce. Ka je a duba ka tun da sauran abin dubawa."

Kamar zai amsa, sai ya zuge gilashi ya ƙwala wa direbobin da ke tsaye kira. "Ku zo ku ji Kaka! Tsohon zagi ya ƙare, yau da wa'azi ta zo!"

"Wallahi ba wasa nake yi ba."

"Dagomba da rantsuwa! Jiya ma kin rantse kifinki na bana ne."

Direbobi suka kwashe da dariya, don sun saba da su. Ita kaɗai ce ba ta yi ba. Ta sauka, ta ɗora kwanonta a ka, ta rufe ƙofar a hankali yadda ya daɗe yana roƙonta. Wasan da ya ba ta bakin faɗa, shi ya ba shi ƙofar gudu.

Daga Kejetia bai koma gida ba, Magazin ya wuce. Ya ga wata doguwar sandar fitila a gaban motar masu haƙar zinari a daji, ya ce irinta yake so a gaban Gwaggo. Shakiru ya nemo, ya ɗaura. Masu aikin wuta na da yadda suke daidaita fitila: a ja mota gaban bango, a ja layi da alli, a saita haske kada ya haura layin ya shiga idon mai tahowa. Shakiru ya ja ƙyauren rumfa don wuri ya yi duhu, ya ja layinsa mai kauri kamar yatsa, ya kunna. Bango ya yi fari ƙal, har tsagar siminti ta fito.

Masta ya sunkuya ta taga ya ce, "To ina layin? Ja layin mana."

Layin na nan gabansa, ɗan gefe kaɗan. Shakiru ya taka a hankali ya je ya ɗora tafin hannunsa a kai.

"Na gani," in ji Masta. "Gwada ka nake yi."

Shakiru ya dawo ya durƙusa a gefen ƙofar mota.

"Baba, da dai... da an ɗan huta da fitar asuba."

"Wa zai kai matan? Kai?"

"Ba haka nake nufi ba, Baba."

"To me kake nufi?"

Da Shakiru ya ɗaga kai a lokacin, da ya ga surukinsa ba faɗa yake yi ba, jira yake yi, kamar mai jiran allura. Amma suruki ba ya ɗaga kai.

"Ba komai, Baba."

"To ɗaga mini ita sama. Ta yi ƙasa da yawa."

"Za ta shiga idon mutane, Baba."

"Su ma suna shiga nawa. Ɗaga."

Ya ɗaga, haske ya haura layin alli ya kai har kwanon rufi.

Damina ce lokacin. Da asubar da abin ya faru ana yayyafi, kwalta ta jiƙe ta zama madubi. Mata biyu a baya, Hajiya Kadijatu a gaba. Suna gangarawa kasuwa sai ga doguwar bas daga arewa ta taho. Direban ya ƙifta sau ɗaya. Ya sake ƙiftawa. Da ya ga ba a rage ba, sai ya saki nasa gaba ɗaya, na sama da na ƙasa da na ado. Masta ya ji kamar an kifa masa ƙwaryar koko a fuska. Ba titi, ba bas, ba hannunsa ma. Fari kawai.

"Hagu! A'a, dama ka yi yawa! Birki, Buraima, birki!"

Ya taka, amma tayar gaba ta riga ta sauka cikin gota, kwatar bakin titi. Gwaggo ta karkace ta tsaya da hanci a ƙasa, kwanoni suka yi ta ƙara a but, matan baya na salati. Da yake tafiyar kunkuru yake yi tun da daɗewa, ba wanda ya ji ciwo, sai leɓen mace ɗaya da ya fashe.

Direban bas ya sauko da zagi cike da baki. Ya iso taga ya tarar da dattijo riƙe da sitiyari, ido a buɗe, yana kallon wani wuri kusa da kafaɗarsa. Zagin ya maƙale. Ya ce, "Wofa, kafra," wato Kawu, yi haƙuri, ya kira fasinjojinsa, suka haɗu da masu wucewa suka ɗaga Gwaggo cak suka mayar da ita kan titi. Ko tsagewa sandar fitilar ba ta yi ba. Tana nan tana zuba haske a kan ruwan sama, kowa na kare fuska.

Masta bai motsa ba.

"Jikana?" in ji Hajiya Kadijatu.

"Kaka," ya ce a hankali, "fitilar na kunne?"

Ta dubi hasken da ya cika titi har saman rufin shaguna. "Tana kunne."

"To." Ya saki sitiyari. "Kira mini Shakiru."

Shakiru ya iso a kan babur, ko hula babu. Makulli na jikin mota, igiyarsa na jikin wandon Masta. Sai da Masta ya zauna yana kwance ƙullin da ya shekara bai kwance ba, yatsu na zamewa, ba wanda ya yi ƙarfin halin taimaka masa. Da ya kwance, Shakiru ya durƙusa a cikin ruwa ya karɓa da hannu biyu. Hajiya Kadijatu ta yunƙura za ta ba Masta kujerar gaba.

"Zauna, Kaka. Wurinki ne."

Ya lalubi jikin mota ya shiga baya tsakanin kwanduna. Abin da ya faɗa kawai har suka iso gida shi ne, "Ashe kujerar bayan nan ta lotsa haka, ba wanda ya gaya mini."

Wannan karon ya shiga asibitin da ƙafarsa, Mamuna a dama, Shakiru a baya. Likitar, wata yarinya mai sanyin murya, ta duba, ta sake dubawa, ta ajiye kayanta. Ta ce ba yana ba ce da za a ɓare. Hawan jinin ido ne, yana cin gani daga gefe zuwa tsakiya, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Akwai magani na ɗigawa da zai riƙe ɗan abin da ya rage, amma tuƙi ya ƙare.

"Tun yaushe ya fara?"

"Kwanan nan ne," in ji Masta.

"Tun ƙwan fitila na farko," in ji Mamuna.

Likita ba ta gane ba. Shakiru ya gane, ya jingina da bango.

"Me ya sa ba ku kawo shi tun lokacin ba? Da an tare da yawa."

Mamuna ta dubi ƙasa. Shakiru dama can ƙasa yake kallo. Masta ne da kansa ya cece su. "Likita, aiki ne ya yi mana yawa."

Yanzu Gwaggo na ƙofar gida, an sa mata duwatsu a bayan taya. An zo saye ya ƙi. Makulli ya koma ƙugun wando. Bencin masallaci dai har yau bai zauna a kai ba, wannan kam ya ci nasara. A kujerar direba yake wuni, ƙofa a buɗe, ƙafa ɗaya a waje. Sai dai masu bencin mutanen kirki ne, in sun fito daga salla sukan biyo ɗaya bayan ɗaya su leƙo ta taga.

"Masta, ya jiki?"

"Da sauƙi," yake cewa, yana murza makullin a hannu.

In aka ɗauke wuta da asuba, wanda ba baƙon abu ba ne a wajenmu, sai ya kunna wa Mamuna fitilu. Duk Zongo ba mai kokon da ta kai ta haske. Masu saye na miƙa kofi da hannu ɗaya, ɗayan na kare ido, suna cewa ko a filin ƙwallo ba a samun irin wannan. Matan asuba na wucewa a keke mai ƙafa uku. Hajiya Kadijatu takan sa a tsaya ta gaishe shi, amma tun ranar gota kalmar "makaho" ba ta sake fita daga bakinta ba.

"Kaka, yau ma ba zagi?"

"Na tuba, jikana."

"Ke ma kin koma ya jiki ke nan."

Sai ta ajiye masa ƙullin kifi a kan sitiyari ta wuce.

Motar da ba ta tafiya batirinta ba ya daɗewa, don haka Shakiru kan zo ya cire shi, ya kai Magazin ya cika, ya dawo da shi a bayan babur. Ran nan da ya gama ɗaurawa, Masta ya murza makulli, fitilu suka kama, bangon gidan da ke fuskantarmu ya yi fari har ƙadangaru suka watse. Masta ya sunkuya gaba, ya ƙura ido ta gilashi, ya daɗe.

"Shakiru."

"Na'am, Baba."

"Fitilar nan ta rage haske."

Mamuna ta tsaya da ludayi a hannu. Shakiru ya cire takalmi, ya durƙusa.

"To, Baba. Bari in duba."

Ya buɗe gaban mota, ya taɓa wayar da ba abin da ya same ta, ya ɗan jijjiga wata, ya rufe.

"Yanzu fa, Baba?"

Masta ya sake ƙura ido.

"Ya ɗan fi," ya ce.